Abin da Ake Binnewa Ya Fi Abin da Ake Ratayawa: Tsara Ɗumama Ɗakuna da Ruwan Zafi Yayin Gyaran Tsohon Gida a Ingila

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda ake tsara ɗumama ɗakuna da samar da ruwan zafi sa'ad da ake yi wa tsohon gida gyara na sosai a Ingila, musamman gidajen jere na jan bulo da aka gina kafin 1919. Hujjarta ita ce, zaɓin inji, ko boilar gas ko injin janyo ɗumi daga iskar waje, shi ke cinye hankalin mai gida, alhali shi ne shawarar da ta fi sauƙin warwarewa. Kaurin bututu, faɗin lagireto, rufin bango da gurbin tankin ruwa su ne suke ɗaure gida shekaru masu yawa, kuma ranar da aka ɓanɓare daɓe ce kaɗai suke da araha. An ba ruwan zafi kulawa ta musamman, domin a gida mai yawan jama'a shi ne yake fara gazawa.

Gabatarwa

 Mutanenmu da suka daɗe a Landan, Manchesta da Bamingam sun fara fita daga haya suna sayen gida, kuma abin da aljihu yake iya kaiwa gare shi galibi tsohon gida ne. Kusan ɗaya cikin kowane gida biyar a Ingila an gina shi ne kafin 1919. Waɗanda suka gina shi da murhun kwal suka san ɗumi: kowane ɗaki da murhunsa da bututun hayaƙinsa, bango bulo ne zalla ba rami a tsakiya, iska tana shiga ta ƙasan katako tana fita ta sama. Hazon hayaƙin da ya rufe Landan a Disambar 1952 ya kashe dubban mutane, dokar tsabtace iska ta 1956 ta biyo baya. Aka gano gas a Tekun Arewa a 1965, daga 1967 zuwa 1977 aka bi gida-gida ana sauya kayan girki da na ɗumi su dace da shi. A 1970 kimanin kashi 30 ne kawai na gidajen Birtaniya suke da ɗumi na bai-ɗaya. Yau fiye da gida takwas cikin goma da gas suke ɗumi.

Ke nan abin da sabon mai gida yake tararwa ba tsari ba ne, tarin faci ne. Wani ya ja bututu a shekarun 1970, wani ya sauya boila a shekarun 1990, wani ya cire tanki ya mai da wurin ma'ajiyar tsintsiya. Boila kuwa ba ta mutuwa sai a watan Janairu, sannan a kira fulamba cikin gaggawa ya rataya irin wadda ya cire, ko wadda ta fi ta girma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran gida shi ne lokaci guda da mutum yake da damar yin lissafi a natse.

Lissafin zafin da gida yake zubarwa

Tambayar farko ba ta shafi inji ba. Ita ce: a ranar da sanyi ya fi tsanani, wat nawa kowane ɗaki yake zubarwa? Ƙa'idar Turai ta EN 12831 ta shimfiɗa yadda ake lissafin. A ɗauki faɗin kowane bango, taga, rufi da daɓe, a ninka da yawan zafin da kayan ginin suke bari ya wuce, a ninka da bambancin zafin ciki da na waje, sannan a ƙara abin da iska mai shiga da fita take kwashewa. A Landan ana yin zane a kan cewa waje ya sauka zuwa wajen digiri 2 ƙasa da sifiri. A ciki ana neman 21 a falo, 18 a ɗakin kwana, 22 a banɗaki.

Misali zai fi bayani. Bangon bulo zalla yana sakin kusan wat 2 a kowace murabba'in mita a kan kowane digiri ɗaya na bambanci. Gidan da yake da murabba'in mita 60 na bangon waje, da bambancin digiri 23, yana zubar da wat 2,760 ta bango kaɗai. Idan aka lulluɓe bangon daga ciki har adadin ya sauko zuwa 0.5, asarar ta koma wat 690. Kilowat biyu sun tafi daga nauyin da inji zai ɗauka, har abada, ba tare da an ƙona komai ba. Saman silin ya fi wannan araha nesa ba kusa ba: shimfiɗar audugar gilashi mai kaurin milimita 270, wadda ita ce ake ba da shawara, aikin yini ɗaya ne.

Matsakaicin gidan jere da aka ɗan gyara yakan tsaya tsakanin kilowat 5 zuwa 8. A riƙe wannan adadi, domin boilar da aka saba ratayawa a irin gidan tana da ƙarfin kilowat 24 zuwa 35. Boilar da ta fi ƙarfin gida sau huɗu tana kunnawa ta mutu, ta kunna ta mutu, tana ɓarnar gas tana gajiyar da kanta. Masu sana'a da yawa har yau ƙidaya lagireto suke yi su faɗi girman boila. Mai gida ya nemi takardar lissafi ɗaki-ɗaki. Wanda ya ce ba sai an yi ba, a yi masa godiya a nemi wani.

Akwai gargaɗi a nan da bai kamata a wuce shi da sauri ba. Tsohon bangon bulo yana shan ruwan sama yana kuma bushewa ta fuska biyu. Idan aka rufe shi daga ciki da abin da ba ya barin laima ta wuce, bulon ya ƙara sanyi, danshi ya taru a inda kan katakon bene ya shiga bango, katakon ya ruɓe ba wanda ya gani. Haka idan aka toshe kowace kafa aka sa sababbin tagogi ba tare da an shirya wa iska hanya ba, tururin girki, wanka da shanyar kaya a cikin ɗaki zai sauka a kusurwoyi ya zama fumfuna. Ingila ta ga ƙarshen wannan a Rochdale, inda yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa suka fito daga Sudan, ya rasu a Disambar 2020. Binciken da aka kammala a Nuwambar 2022 ya ɗora mutuwar a kan fumfunar gidan hayar da suke ciki, kuma dokar da aka kafa a 2023 game da gidajen haya na jama'a tana ɗauke da sunansa. Duk tsarin ɗumi da bai haɗa da fanka mai zuƙe tururi a kicin da banɗaki ba, bai cika ba.

Zafin ruwan da ke zagayawa

Wannan shi ne ƙashin bayan maƙalar. An zana tsofaffin tsare-tsare ne a kan ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 80 ya bi bututu ya shiga ƙananan lagireto. Tun Afrilun 2005 doka ta wajabta cewa sabuwar boilar gas a Ingila da Wales ta zama mai tatsar zafi daga tururin hayaƙinta. Sai dai tururin ba ya komawa ruwa sai idan ruwan da ke dawowa daga lagireto ya yi ƙasa da wajen digiri 55. Gidaje da yawa sun sayi boilar da aka rubuta wa inganci fiye da kashi 90, aka bar ta a kan digiri 75, ba ta taɓa kai abin da aka rubuta ba. Daga Yunin 2022 sashen L na dokokin gini ya ce duk sabon tsari, ko wanda aka sauya gaba ɗaya, a zana shi yadda ruwan da ke fita ba zai wuce digiri 55 ba.

A ganina 55 rufin doka ne kawai, mai gyaran gida ya nufi 45 ko ƙasa. Ga abin da hakan yake ci. Ƙarfin da kamfani yake rubutawa a jikin lagireto an auna shi ne a kan ruwa ya fi ɗaki zafi da digiri 50. Lagireton da aka rubuta wa wat 2,000, idan bambancin ya sauko zuwa 30, abin da zai bayar bai fi 1,030 ba. Idan ruwa ya shiga a 45 ya fita a 40, wajen wat 700 ne. Saboda haka ko dai a rage abin da ɗakin yake zubarwa, ko a faɗaɗa lagireton, ko a yi duka biyu. Mai faranti biyu da fikafikai biyu yana ba da kusan ninkin mai faranti ɗaya ba tare da ya ƙara cin bango ba. A ƙasa kuwa, idan dama za a fasa daɓen kicin ko a yi ƙarin gini a baya, a shimfiɗa bututu a cikin sabon daɓe bisa abin tare sanyi. Daɓen gaba ɗaya ya zama lagireto, ruwa mai digiri 35 zuwa 40 ya wadatar. Ga gidan da ake zama a ƙasa, ake cin abinci a ƙasa, ake salla a ƙasa, amfanin wannan ba sai an yi dogon bayani ba. A dai kula da kafet mai kauri, domin yana danne ɗumin.

Sai bututu. Boila takan yi aiki da bambancin digiri 20 tsakanin ruwan fita da na dawowa, injin janyo ɗumi kuwa da wajen 5. Don a kai kilowat 7, boila tana tura lita 5 a minti, injin yana bukatar lita 20. Siririn bututu mai milimita 8 ko 10 da aka yi yayi a shekarun 1970 da 1980 yana wahalar ɗaukar wannan. Babban layi ya zama milimita 22 ko 28, rassa 15. Bambancin kuɗin tagullar kaɗan ne ranar da katako yake a buɗe. Bayan an shimfiɗa tayil an yi fenti, sauya shi na nufin a sake rushe abin da aka biya.

Ruwan zafi, inda gida mai jama'a yake tuntuɓe

Boilar da ta mamaye kasuwar Birtaniya ita ce wadda masu sana'a suke kira kombi, mai ɗumama ɗaki ta kuma dafa ruwa nan take idan an buɗe famfo, ba tanki. Dalilin girmanta ke nan. Lita ɗaya tana cin wat-awa 1.16 kafin zafinta ya hau digiri ɗaya. Shawa mai zubar da lita 10 a minti, daga ruwan famfo mai digiri 10 zuwa 40, tana jan kusan kilowat 21 muddin tana zuba. Gidan da bai wuce kilowat 7 ba a daren da ya fi sanyi, shawa ɗaya ta ninka shi uku. Kombi mai kilowat 30 tana ba da wajen lita 12 a minti. Idan mutum biyu suka buɗe a tare, ko uwargida ta buɗe na kicin, kowa ya sami rabi.

Ga mata da miji da yaro ɗaya a ƙaramin gida, kombi ta isa, ba na musu. Gidajenmu ba haka suke ba. Akwai yara huɗu ko biyar, akwai ƙanin maigida da ya zo karatu, akwai Hajiya da ta zo wankan jego za ta yi watanni, akwai baƙin da ba a tambayarsu ranar tafiya. Kowa yana wanka kullum, kuma kusan a sa'a guda, tsakanin asuba da fita makaranta. Ga alwala, wadda ruwanta kaɗan ne amma sau da yawa: kowace buɗe famfo tana tayar da kombi, ta hura wuta, kafin ruwan ɗumi ya iso mai alwala ya kai wankin ƙafa. Irin wannan gida tanki yake bukata.

Girmansa ma lissafi ne. Wankan minti 8 a kan lita 10 ya ci lita 80 masu digiri 40. Idan tankin yana kan 55, kashi biyu cikin uku na wannan daga tanki yake fitowa, wato lita 53, saura ruwan sanyi ne. Mutum huɗu a jere sun kwashe fiye da lita 210. Tanki mai lita 250 ke nan, kuma sake dafa shi daga sanyi yana cin kilowat-awa 13, kusan awa biyu ga inji mai kilowat 7. Cike da ruwa nauyinsa yana dosar kilo 300, don haka wanda zai ɗora shi a bene ya tambayi injiniya ko katakon zai ɗauka. Wurin da yake bukata bai fi faɗin ƙaramin kabad ba, amma shi ne wurin da mai zanen gida yake fara haɗiyewa don ya faɗaɗa banɗaki. Injin janyo ɗumi ba ya iya dafa ruwa nan take, ƙarfinsa bai kai ba. Duk wanda ya toshe gurbin tanki yau ya rufe wa kansa wannan ƙofa, ko ya sani ko bai sani ba.

Abubuwa uku suna biye da tanki. Na farko ƙwayar cutar lejiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewar da ta auku a Filadelfiya ta Amurka a 1976. Tana yaɗuwa a ruwan da ya kwanta tsakanin digiri 20 da 45, tana mutuwa a 60. Shi ya sa tankin da ake ajiyewa a 50 ko 55 don tsimi ake saita shi ya hau 60 lokaci-lokaci, kuma ake yanke duk wani guntun bututu da gyara ya bari ba mafita. Na biyu ƙuna: ruwa mai digiri 60 yana sale fatar yaro cikin daƙiƙoƙi, sai a sa bawul mai gauraya ruwa a bahon wanka, a sababbin gidaje doka ta tsayar da shi a 48. Na uku, tanki mai matsin ruwan famfo kai tsaye, wanda ba shi da tankin sanyi a saman silin, sashen G3 na dokokin gini ya ce sai mai takardar ƙwarewa ya haɗa shi. Kafin a saye shi a auna ƙarfin ruwan da ke shigowa daga titi, domin tsohon siririn bututun darma da ke ƙarƙashin farfajiyar gidaje da yawa yana shaƙe komai. A Landan da kudu maso gabas ruwan yana da alli, yana toshe kombi yana kuma lulluɓe abin dafa ruwa, sai an yi masa tanadi.

Sai inji

Injin janyo ɗumi aikin firji yake yi, sai dai abin da yake sanyayawa iskar waje ce, zafin da ya kwaso kuma ya zuba shi a ruwan gida. Kowane ma'auni ɗaya na lantarki yana ba da kusan uku na ɗumi. Masu cewa ba ya aiki a sanyi su dubi ƙasar Nowe, wadda ta hana ɗumama gida da man fetur tun 2020, inda fiye da rabin gidaje suke da wannan inji. Matsalar Birtaniya farashi ce. A 'yan shekarun nan ma'aunin lantarki yana kusan ninki huɗu na gas. Idan boila tana ba da kashi 88, injin sai ya kai ninki 3.5 a shekara kafin kuɗin su zo daidai. Gwajin da gwamnati ta ɗauki nauyi a ɗaruruwan gidaje ya sami matsakaicin wajen 2.8. A wannan mataki mai gida asara yake yi a kowane wata. Amma kowane digiri ɗaya da aka rage daga zafin ruwa yana ƙara wa injin kimanin kashi 2. Tazarar da ke tsakanin 55 da 40 ita ce tazarar da ke tsakanin asara da riba, kuma lagireto da bututu da bango ne suke yanke ta, ba sunan kamfanin da ke jikin inji ba.

Tallafi yana nan. Shirin Boiler Upgrade Scheme ya fara a 2022 da fam 5,000, aka ɗaga shi zuwa 7,500 a Oktoban 2023, da sharaɗin mai haɗawa yana da rajistar ƙwarewa ta MCS. Siyasar kuwa ba ta zauna ba. Birtaniya ta sa wa kanta doka a 2019 cewa za ta daidaita hayaƙinta zuwa sifiri a 2050, amma ranar daina sayar da boilar gas an ta matsar da ita. Gwajin ɗumama gari da haidirojin da aka shirya a Whitby da Redcar duka an soke su a 2023, saboda haka tambarin "a shirye take da haidirojin" da ake mannawa a boila bai isa a gina shawara a kansa ba. A Jamus dokar da ta nemi sabon tsarin ɗumi ya samo kashi 65 daga makamashi mai sabuntuwa ta girgiza gwamnati a 2023 kafin ta fara aiki a Janairun 2024. Wanda ya ga yadda kuɗin gas ya yi tsalle a 2022 bayan Rasha ta shiga Yukiren ya san cewa arahar gas ma ba alkawari ba ce.

Saboda haka ba na ganin laifin wanda kuɗi suka ƙare masa ya rataya boilar gas. Boila shekara goma sha biyar take yi, sauya ta aikin kwana ɗaya ko biyu ne. Sai dai ya ɗauki ƙarama mai aiki da tanki, wadda take iya rage wutarta ƙasa sosai, a haɗa mata ma'aunin da ke duba sanyin waje yana daidaita zafin ruwa, kuma mai rajistar Gas Safe ne kaɗai doka ta yarda ya taɓa ta. Tun Oktoban 2022 ana haɗa sabuwar boila da ƙararrawar iskar guba. Tankin ya zama mai faffaɗan murɗaɗɗen bututu a ciki, irin wanda injin janyo ɗumi zai iya amfani da shi gobe. A ja bututu biyu masu milimita 28 da wayar lantarki zuwa bangon baya a toshe bakinsu, a bar fili a farfajiya inda iska take wucewa kuma ba a ƙarƙashin tagar maƙwabci ba. A hunturun farko mai gida ya sauke boilar zuwa digiri 45 ya zauna da ita mako biyu cikin sanyi. Ɗakin da ya ƙi ɗumi, shi ne wanda lagiretonsa yake bukatar ƙari kafin a kira mai haɗa inji.